Ramukan da ke Cikin Waƙar Auta

Asabar, 4 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Auta ba ta kwana a gida ba. Ta kwashe kayanta ta tafi gidan Innarta, ƙanwar marigayiya mahaifiyarta, ta bar mini mukulli a kan firji kamar 'yar haya ta tashi. Ko sai an jima babu.

Laifina ɗaya ne, na yi aikina. Tun kafin a haife ta nake da shirin nan a gidan rediyo, duk Juma'a da yamma. In saurari sababbin faifan waƙa, in gaya wa mutane wanda ya cancanci kunnensu da wanda ya cancanci kwandon shara. Jama'a ne suka sa mini Alƙali, ba ni na roƙa ba. 'Ya'yan mutane nawa na yanke wa hukunci suka haɗiye? To don tawa ta fitar da faifanta na farko sai in kama bakina? Manaja ma sai da ya tare ni a matakala, wai, "Malam, ka tsallake wannan mana, kowa zai fahimta." Na ce ba abin da zan tsallake.

Kuma ban canza mata ƙa'ida ba. Yadda nake yi wa kowa haka na yi mata: na rufe ƙofar ɗaki, na sa tsohon hedifon ɗina. Ba lasifika, ba karanta bangon faifai, ba jin ra'ayin wani kafin nawa. Daga ni sai waƙa.

Me ma na faɗa mai zafi? Na ce muryarta tana da kyau, amma kiɗan ya rame, duk ya karkata gefe guda. Sai waƙar ƙarshe. A cikinta yarinya tana yi wa uwarta tambaya, layi ɗaya, sai ta yi shiru. Ta sake tambaya, ta sake shiru. An haƙa mana ramuka wai mu cika su da hawaye. Na ce abin da ke tsakanin layukan nan ba komai ba ne, da ni ne da na yanke na zubar, ba wanda zai yi kewarsa. Ban ma yarda an saka ta a shirin ba.

Ranar da ta miƙo mini faifan cewa ta yi, "Baba, ta ƙarshen taka ce. Ka saurare ta da kyau." To na saurara. Ba a sayen hawayena da arha, kuma mutuwar uwarta ba kayan talla ba ce.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Firjin nan ya ishe ni da wata siririyar ƙara kamar ta sauro. Na zare shi daga wuta. Ƙarar ba ta daina ba.

Litinin, 6 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na je ofis karɓo kayan makon nan. Injiniya, wanda ke riƙe mini na'ura a situdiyo tun muna da baƙin gashi, ya dafa ni ta baya har na zabura.

"Alƙali, sau nawa zan gaishe ka? Tun daga bakin ƙofa nake bin ka ina magana."

"To ka daina magana cikin riga, ka buɗe baki."

Ya tsaya yana kallona kamar yau ya fara ganina. Can ya rage murya ya ce, "Waƙar yarinyar nan ta ƙarshe, ka taɓa sa ta a lasifika kuwa?"

Na ce tun yaushe mai murɗa maɓalli ya fara koya wa alƙali shari'a? Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, ya koma ɗakinsa ya ja ƙofa.

Faifai na farko na wasu samari uku ne masu gambarar zamani. Tir! Kusan awa guda suna lissafa motocin da ba su da su da 'yan matan da ba su san da zamansu ba. Ganga kuwa dum-dum-dum kamar maƙwabci yana kafa ƙusa a bango. Mai ƙaramar muryar cikinsu yana da baki, wannan na yarda, akwai wani baiti da ya yi a kan layin asibiti da ya sa na ajiye biro. Amma wai su uku ne. Ni biyu na ji. Na ukun ko ya tafi sayo musu ruwa ne, oho.

Talata, 7 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Yau Mai Tabarau ne, sarkin kukan soyayya, da faifansa na ban-san-na-nawa-ba. An wanke masa murya da na'ura har ta fita daga kamannin ta mutum. Zuciya, zuciya, zuciya. In aka cire wannan kalmar daga faifan, abin da zai rage bai kai tallan sabulu ba. Gardi da gemu yana ce mana zai mutu in ba a amsa masa waya ba. To ka mutu mana mu huta.

Na fito daga ɗaki na tarar shayina ya yi sanyi a kan tebur har ya yi fata. Da matata tana raye da tuni tana bakin ƙofa tana buga cokali a jikin kofi, tana rera mini shirmen waƙarta ta tsokana, ni kuma ina ɗaga murya daga ciki ina ce mata ta kauce wa kiɗa. Mai kunne take ce mini. Duk garin nan ita kaɗai ce ba ta taɓa kirana Alƙali ba.

Ba wannan na zauna rubutawa ba. Na zubar da shayin.

Laraba, 8 ga wata, da yamma

Na kira Auta, wayar ta yi ta kuka har ta katse. A kunnen dama na sa ta. Hannun hagu ne ke mini ciwo kwana biyu.

Alhamis, 9 ga wata, ƙarfe uku na rana

Faifan jaz, na wasu dattawa huɗu da ke kiɗa a otel-otel. Su na ɗauka za su wanke mini kunne daga dattin makon nan. Ina! Mai busa yana da numfashi, mai ganga ya san hannunsa, amma tsakiyar kiɗan wayam. Mai busa ya gama jimlarsa ya tsaya, ba mai karɓa, sai ganga tana ta sintiri ita kaɗai kamar mai jiran mota.

Wai shin annoba ce ta shigo gari? Duk faifan da na ɗauka bana sai in ji an bar rabinsa babu kowa, an tura komai gefe guda kamar motar da tayarta ta sace. Yaran situdiyo na yanzu ba su iya haɗa sauti ba, shi ke nan. Gobe zan faɗa.

Juma'a, 10 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na dawo daga shiri. Raina a ɓace yake, bari in rubuta kafin in fasa wani abu.

Na yi wa 'yan gambara tatas, na yi wa Mai Tabarau wankin babban bargo, komai lafiya. Da na zo kan dattawan jaz na ce mutum huɗu sun yi aikin mutum uku, ya kamata su nemi mai piyano ya cike musu gurbi. Sai na ga Injiniya ta cikin gilashi ya dafe kai.

Aka buɗe waya. Wata mata ce ta farko, muryarta a sanyaye, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

"Malam Alƙali, barka da yamma. Don Allah wane faifan ka saurara? Ai piyano ne ya riƙe shi daga farko har ƙarshe. Mijina ne ke kaɗawa."

Na ce to ki gaya wa mijinki ya riƙa danna shi da ƙarfi. Na yi wa Injiniya alama ya katse ta. Na biyun wani yaro ne mai dariya a baki, wai, "Baba, ko dai a kawo maka auduga ne?" Shi ma na sa aka katse shi. Marasa kunya.

Manaja yana tsaye a bakin situdiyo da kwat ɗinsa mai ƙamshin turare. Yaron da ni na koya wa yadda ake tsayawa gaban makirfo. Ya ce in same shi ranar Litinin.

Asabar, 11 ga wata, da hantsi

Na shiga kemis na ce a ba ni maganin ɗiga wa kunne, na maƙwabcina ne. Mai kemis ya ce wane kunnen ne ke damun maƙwabcin? Na ce na hagu. Ya ce tun yaushe? Na ce ina ruwanka, likita ne kai? Ya ce a gaya wa maƙwabci ya je asibiti, irin wannan ba a zama da shi. Na ajiye masa maganinsa na fito.

Lahadi, 12 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Innar Auta ta zo. Tela ce, bakinta kuma ya fi almakashinta kaifi. Ta ƙi zama, ta tsaya a tsakiyar falo da jaka a hammata.

"Baban Auta, na zo ɗaukar mata sauran littattafanta ne da jitarta. Ranar ashirin da shida za su tafi yawon wasa da 'yan ƙungiyarsu. In sun dawo ta ce ba nan za ta sauka ba, ta samu ɗaki."

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Mawaƙin da ba ya iya haɗiye suka gara ya koma sayar da katin waya.

"Suka? Kai kana ganin a kan suka take kuka? Yarinyar nan tun tana rarrafe take jin kana sukar mutane. To ita ba ta ci darajar komai ba, mun ji. Ita Yaya fa? Me ta yi maka tana kwance a kabarinta? A yanke a zubar, ba wanda zai yi kewa! A rediyo, duniya tana ji!"

Na ce kada ta kuskura ta jawo mini marigayiya cikin wannan magana.

"Ni na jawo ta?"

Ta ƙara wata magana tana shiga ɗakin Auta, ban kama ba, ta juya mini baya ne. Da ta fito da jita ta tsaya ta ƙare mini kallo.

"Me ya sa kake karkata mini kai haka kamar kaza ta ga hatsi?"

Na ce wuyana ne ya sage. Na buɗe mata ƙofa da kaina.

Haka suke, dangin nan. In hujja ta ƙare musu sai su tono matattu. Na san waƙar a kan uwarta ce, ai ba jaki ba ne ni. Shi ya sa ma na fi jin haushinta. Ni da na zauna da matar fiye da rabin rayuwata ban fita titi ina talla da ita ba.

Litinin, 13 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Manaja ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, ya kira ni Babanmu. Daga nan na san wuƙa ce a bayansa.

Wai dattawan jaz sun kawo ƙara. Wai masu saurare suna ta rubutu a waya. Wai ko zan ɗan huta, in ga likita, tashar za ta tsaya mini. Na ce likitan me? Ya kalli tebur. Ya ce daga wata mai zuwa wasu matasa biyu za su karɓi filin, mace da namiji, masu hira da dariya. Ni kuma sauran Juma'a biyu, in yi bankwana da mutunci.

Na ce masa kunnena ɗaya ya fi nasu huɗu.

Sai da na fito na tuna ɗaya na ce. Bakin mutum wani lokaci gaban kansa yake yi.

Laraba, 15 ga wata, da rana

Faifan rege, na wani tsoho da ya yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba. Murya ta dushe, numfashi ya gajarta, bai bari an gyara masa da na'ura ba. Komai nasa a tsakiya yake, ba abin da ya ɓace mini. Na so in samu abin suka ban samu ba, abin ya ba ni haushi. Zan ce ya cika tsawo.

Alhamis, 16 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Wani matashi mai waƙoƙin wa'azi. Yana gargaɗi a kan mutuwa da kiɗan da za a yi rawa da shi a wajen biki. Yaron da ko kaza bai taɓa binnewa ba zai gaya mini yadda gida ke zama bayan an fita da mutum. Ya zo nan ya ga takalman matata a bayan ƙofa, har yau ban iya ɗagawa ba, sannan ya koma ya sake rubutawa.

Na kira Auta. A kashe.

Juma'a, 17 ga wata, bayan shiri

Na yi shirin. Na ce kada a buɗe waya. Injiniya ya bi ni har bakin titi.

"Alƙali, don girman Allah ka tsaya ka ji ni. Zancen waƙar nan ne."

"In ka sake ɗago mini zancen waƙar nan, mun raba gari ni da kai."

Ya ɗaga hannu biyu ya koma. Mota ta kusa kwashe ni ina tsallakawa, direban ya leƙo yana zagi wai tun daga nesa yake hon. Maƙaryaci.

Lahadi, 19 ga wata, da safe

Na wuce ta layin gidan Innarta. Ba wurinsu na je ba, mai gyaran takalmi na nema. Na hango rigar Auta mai ruwan ganye a kan igiyar shanya. Ban tsaya ba.

Talata, 21 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na yanke shawara. Ranar Juma'a, shirina na ƙarshe, zan saka waƙar nan tata daga farko har ƙarshe, jama'a su ji ramukan da kunnensu. Sannan in tambaye su: ni na yi ƙarya? In za a kore ni, a kore ni da gaskiyata a hannu. Ita ma in ta ji mutane sun goyi bayana, wataƙila ta gane ba ƙiyayya ba ce, gyara ne.

Laraba, 22 ga wata

Sauron nan na cikin kai bai bar ni na yi komai ba yau.

Alhamis, 23 ga wata, ƙarfe goma na safe

 Zan rubuta yadda ya faru, a jere, ko na samu in yarda.

Na shiga ɗaki in sake sauraron waƙar don in shirya abin da zan faɗa gobe. Kullum igiyar hedifon ta hagu take sauka, haka nake sa shi tun ranar da na saye shi, ko a duhu hannuna ya sani. Yau igiyar ta maƙale a ƙafar kujera. Na fizga, ta ƙi. Don haushi na juya shi na kifa a kai a haka, na hagu a dama, na dama a hagu. Na danna.

Na jira muryar Auta, shiru. Na ce to, yau kuma na'urar ce ta mutu.

Sai na ji cokali yana bugun kofi.

Sai ita.

Ita ce, wallahi ita ce, uwar Auta. Muryarta ta safe, da ɗan kaushin nan, famfo yana zuba a bayanta. "Mai kunne, mai kunne, fito." Shiru. "Shayi ya huce, shayi ya huce." Shiru. Sannan ta ja layin ƙarshe yadda take ja in tana son ta ƙular da ni: "Yana jin na kowa, ba ya jin na gida." Ta fashe da dariya, ta ce, "Ke, ɗauka kike yi? Kashe abin nan!"

Ashe yarinyar ta ɗauke ta a waya wata safiya ina kulle a ɗakin nan. Ashe ta ajiye. Ta sa muryarta a kunnen dama, ta sa ta uwarta a kunnen hagu, tana tambaya uwar tana amsawa. Duk inda na ce rami ne, nan take.

Na juya hedifon daidai: Auta ita kaɗai, tana tambayar iska. Na sake juyawa: uwarta ita kaɗai, tana kiran mutumin da bai fito ba. Na yi ta juyawa kamar mahaukaci. Ko ta yaya na sa, ɗaya nake samu.

Da ni ne da na yanke na zubar. Ba wanda zai yi kewarsa. Da bakina na faɗa, kuma yarinyar tana zaton na ji na faɗa.

Alhamis, da yamma

Na mayar da firji wuta. Ba laifinsa ba ne.

Juma'a, 24 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na shiga situdiyo na ce wa Injiniya waƙa ɗaya za mu saka yau, ya kashe mini makirfo ya buɗe lasifika. Bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa da na ji sauƙi, da na samu wanda zan zaga.

Na cire hedifon na ajiye a kan tebur. A karon farko na ji su tare.

"Wa kike kira a bakin ƙofa?"

"Mai kunne, mai kunne, fito."

"Me zan ce masa in ya buɗe?"

"Shayi ya huce, shayi ya huce."

"To me ya sa bai fito ba?"

Ban iya zama na ji amsar a gaban mutane ba, na juya kujera na fuskanci bango. Da aka kunna mini makirfo na ce wannan ita ce waƙar da na ce a yanke, mai maganar bai ji ta ba, kuma Alƙali ya tashi daga zama. Sauran lokacin na ce a cike da faifan tsohon nan mai rege. Bai cika tsawo ba, ƙarya na yi.

Ina fitowa na kira Innarta, na ce sun ji shirin?

"Wane shiri? Tun ranar nan Auta ta sa na zare rediyon na tura ƙarƙashin gado. Jibi da sassafe za su tashi. In kana da magana, ka san gidan."

Ta kashe. Matar nan ko a wajen jana'iza ba ta iya sassauta murya ba.

Asabar, 25 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je. Innarta ta buɗe mini, ta nuna ƙofar ɗaki da haɓa, ta koma kan kekenta ta ci gaba da ɗinki kamar ba ta san ni ba.

Na ƙwanƙwasa. Shiru. Na ce, "Auta, ni ne." Na ji an daina jan zif ɗin jaka, amma ba a buɗe ba. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Mutumin da ya ci abinci da baki duk rayuwarsa, na tsaya kamar gunki.

Akwai kofi da cokali a kan tebur kusa da ƙofar. Ban san lokacin da na ɗauka ba. Ni da ban taɓa rera waƙa gaban ɗan adam ba, don na san irin muryar da Allah ya ba ni, na buga cokali na buɗe baki. Mai kunne, mai kunne, fito. Keken ɗinki ya tsaya cak. Na yi layi na biyu. Na uku ya fita a karkace.

Ƙofa ta buɗe. Ta rame. Ido jawur, fuska a ɗaure, irin ɗaurewar uwarta sak. Ta tsaya ta gefen haguna ta faɗi wata magana. Na ga bakinta yana motsi.

Na nuna kunnen da yatsa na ce, "Wannan ba ya ji. Ya daɗe ba ya ji. Zagayo ta nan."

Ta tsaya tana kallona. Ta kalli kunnen, ta kalli kofin da ke hannuna. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata, ta sa hannu ta toshe baki.

"Baba... ranar nan ba ka ji ta ba?"

"Sai shekaranjiya."

Innarta ta ce innalillahi daga kan keke. Auta ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba, kada wani ya ce na yi. Ta zagayo a hankali ta dama, ta matso har ina jin numfashinta a kunnena.

Na ce, "To, me kika ce ɗazu?"

"Cewa na yi muryarka ba daɗi, Baba. Ka kauce wa kiɗa tun daga layin farko."

Lahadi, 26 ga wata, da hantsi

Sun tashi. Kafin ta shiga mota ta sa Innarta ta rantse za ta kai ni asibiti ranar Talata, ko da ɗaure ni za ta yi. Da sassafe ta biyo ta gida kafin su wuce, yanzu mukullin da ta bari a kan firji ba ya nan.